Ka Ƙara Rawaya, Ka Rage Shuɗi

Daga madatsar ruwa, sha biyar ga wata

Zuwa ga taubashiyata Malama Mai Zare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Ki gaida mini Goggo, ki ce mata ɗan ƙaninta yana nan da ransa, kada ta raba kayana tukuna. Ki ce mata kuma ta daina damuwa da zamana ba mata, kullum bayan magariba ina zance da wata.

Na iso lafiya. Ƙirjin ya yi sauƙi, kumburin ƙafa ya sauka, takalmana sun sake karɓata. Injiniya ya ɗauke mini hawan matakala, yanzu aikina in leƙa ma'aunin ruwa safe da yamma in rubuta a littafi. Magani kuwa ina sha yadda kika tsara mini ranar da aka sallame ni daga asibiti: kwalbar da kika rubuta wa RAWAYA, ɗaya da safe, wadda kika rubuta wa SHUƊI, biyu da rana. Sunayensu na ainihi sun ƙi zama a kaina, ni dai launin na riƙe. Waya har yanzu ba ta kamawa a nan sai an hau dutsen bayan gidajenmu, shi kuwa Likita ya hana ni. Sai dai mu ci gaba da wahalar da Direba, tun da duk sati biyu motar kayan abinci tana zuwa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. A cikin ambulan ɗin nan akwai hotunan wata guda uku, na daren goma, da na sha biyu, da na sha huɗu. Madubin hangen nesan nan da kika ce bututun kwata ne na yi wa ƙafa uku, shi ya ɗauko su. Ina idar da magariba nake kafa shi a barandar ofis, in maƙala kyamara a bakinsa, in ɗauki ɗari biyu ko uku, kwamfuta ta tsince masu kyau ta haɗa su su zama ɗaya. Wannan duk mai sauƙi ne. Wahalar tana wajen launi. Wata idan yana ƙasa-ƙasa ja-ja yake fitowa saboda iskar da haskensa ke ratsowa, in ya yi sama ya yi fari. Gilashin ma yana ƙara tasa ƙaryar, gefe ɗaya ya yi shuɗi, ɗayan ya yi ja. Sai in zauna ina rage wannan ina ƙara wancan, har duwatsun wata su koma ruwan toka tsantsa. In aka samu tokar daidai, sai ki ga filayen nan masu duhu ashe ba launinsu ɗaya ba, wani ya ɗan karkata ga shuɗi, wani ga ruwan ƙasa. Akwai maɓallin da ke yin gyaran da kansa, amma ban yarda da shi ba, idona nake bi.

Ke da kike raba farin zare gida bakwai, ki duba mini ki faɗi gaskiya. Kada ki yi mini kara, ba halinki ba ne.

Taubashinki,
Mai Awon Ruwa

Daga gida, ashirin da takwas ga wata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga taubashina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mun samu wasiƙarka, mun yi wa Allah godiya da jin sauƙin da ka samu. Mu ma lafiya lau muke, sai ciwon gwiwar Inna da ka sani. Na karanta mata saƙonka. Ta ce in gaya maka kayanka ba su kai a raba ba, kuma watan da kake zance da shi ko ruwan zafi ba zai dafa maka ba. Malam yana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san hannuna ya fi sabawa da allo da tawada.

Jiya na rufe shago na je asibiti. Na karɓo maka maganin wata biyu, na juye a kwalabe irin na da, na rubuta musu suna da manyan baƙaƙe. Na ƙirga sau biyu, Malam ya ƙirga sau ɗaya. Likita ya tambaye ka sosai. Ya ce jinin da aka ɗiba ranar da aka sallame ka bai samu ya duba sakamakon ba tukuna, amma in ya duba ya ga akwai abin canzawa, zai aiko mini kafin motarku ta tashi. Ya kuma ja mini kunne a kan rawayar. Ya ce tsakanin amfaninta da cutarwarta tazara kaɗan ce, kada a ƙara kada a rage sai da izininsa. Na ce masa in sha Allahu, kai ba mai taurin kai ba ne a kan magani, a kan sauran abubuwa ne kawai.

Don Allah ka riƙa cin abinci kafin ka sha. Har yau in na tuna ranar da aka shigo da kai, leɓɓanka sun yi duhu, kana neman numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, sai in ce Allah kada ya maimaita. Kai kaɗai ka rage mana ta wajen Kawu. Ban so na bar ka ka koma wurin nan da ba waya ba asibiti, amma ka ce zaman gida shi zai kashe ka, na ƙyale ka.

Hotuna kuwa, tabarakallah. Na daɗe ina kallon ramukan nan da inuwarsu, na ce ashe abin da muke leƙawa muna ƙirga kwanaki da shi haka fuskarsa take. Inna ta karɓa ta juya shi sama da ƙasa, ta ce kwanon da aka daɗe ana kankarewa ne. Amma zancen launi ba zan ce komai ba yanzu. Sai da aka kunna fitila na buɗe ambulan ɗin, ni kuwa ko a shago mai saye ya matsa, ba na haɗa masa zare da yadi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai mun fita bakin ƙofa. Zan duba a natse, in rubuto maka a wasiƙa ta gaba.

Allah ya ƙara lafiya, ya tsare.

Taubashiyarka

A bayan kwalin zare, cikin ledar magani

Taubashi, an duba da safen nan. Shuɗin ya yi yawa, rawayar ta yi kaɗan. Ka ƙara rawaya, ka rage shuɗi. Na riga na liƙe ambulan, ga Direba yana ta danna hon.

Daga madatsar ruwa, sha huɗu ga wata

Malama Mai Zare,

Salamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ki ce wa Goggo kwanon da take raina shi ne yake haska mata tsakar gida kyauta.

Kaya sun iso, na gode Allah na gode miki. Na tarar da 'yar takardar cikin leda, kuma tun washegari na bi. Rawaya na ninka ta, shuɗi na raba shi biyu. In ba haka ake nufi ba sai ki sanar da ni.

Ga sababbin hotuna huɗu, ki haɗa da na baya ki yanke hukunci gaba ɗaya. Waɗannan sun ba ni wahala ba kaɗan ba. Ban san abin da ya samu iskar wurin nan ba a 'yan kwanakin nan. Wata ko ya yi sama sosai ba ya yin fari, sai ya tsaya kamar gwaiduwar ƙwai, ga wani zobe da ke kewaye shi. Shekara shida ina ɗaukarsa ban taɓa ganin haka ba. A kwamfuta ma haka yake fitowa, sai na yi ta ja kafin ya dawo toka. Shekaranjiya Injiniya ya tsaya a bayana ya ce, "Malam, wannan ai a bula ka tsoma shi." Na ce masa ya je ya ji da famfunansa, mutumin da ke sa safa kala biyu ba zai koya mini launi ba.

Jiki da sauƙi. Zuciyar ma ta yi ladabi, ta daina gudun nan da take yi, yanzu tafiya take kamar tsohuwa ta dawo daga unguwa, har takan tsaya ta huta. Abinci ne dai ba ya shiga. Kuku ya rantse bai canza komai ba, amma ni ƙamshin man ma tayar mini da zuciya yake. Shayi nake sha da ɗan burodi. Barci kuwa ya zama abokina, jiya na zauna bayan azahar in cike littafi, sai la'asar ta tashe ni. Ina jin tsufa ne ya fara aiko manzanninsa, tun da na girme ki da wata bakwai kuma kin ƙi ki ce mini Yaya.

Na gaya wa Injiniya a sake wa ofis fenti. Bangon nan da muka sani fari duk ya dafe, kamar haƙoran mai cin goro. Ya dubi bangon, ya dube ni, ya wuce.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ruwa a ma'auni yana hawa kullum. In aka ci gaba haka ban san yadda hanya za ta yi ba.

Taubashinki

Daga shago, ashirin da bakwai ga wata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Taubashina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillah. Inna tana gaishe ka, Malam ma haka. Ya jikin? Ka ce da sauƙi, amma abin da ka lissafa bayan haka bai yi kama da sauƙi ba.

Bari in fara da hotuna tun da su ka tambaya. Na fitar da su bakin ƙofa da hantsi, na jera su a kan farin yadi, na ɗauko zarurrukan toka da nake da su tun daga mai haske har mai duhu. Na farkon guda uku suna kusa da toka, sai ɗan shuɗin da na gaya maka. Waɗannan huɗun kuwa babu zaren tokar da ya zauna kusa da su. Sai da na koma layin shuɗi, can wajen wanda ake ɗinka rigar 'yan makaranta da shi, sannan na samu abokinsu. Ka ce ka ninka rawaya, ni kuwa ko ɗigonta ban gani a hoton ba. Da farko na ce tsokanata kake, har na yi dariya ni kaɗai. Da na sake karanta wasiƙarka sai dariyar ta tsaya.

Na kai wa Mai Hoto na kusa da mu. Ya juya su, ya ɗaga su a rana, ya ce abu biyu ne ke kawo haka: ko firinta, ko idon mai gyaran. Ya ce wanda yake ganin komai rawaya-rawaya zai yi ta zuba shuɗi yana zaton toka yake nema. Ya faɗa ne kawai ya koma kan aikinsa, ni kuwa maganar ta biyo ni har gida.

Daren sha huɗu, cikin kwanakin da ka ce wata ya yi kamar gwaiduwa, ni ma na gan shi muna fitowa daga alwala. Fari ne tas, babu zobe. Na san garinku da nisa, iska ma kowa da tasa. Amma bangon ofis fa? Shi ma iska ce?

Na yi niyyar in kai wa Likita hotunan. Na je har bakin ƙofarsa, na tarar da layi, mata da jarirai, wani tsoho a keken marasa lafiya. Sai na ji nauyin in shiga in ce ga hoton wata ya yi shuɗi. Na juyo. Ban sani ba ko na yi daidai. Shi dai bai aiko mini da komai ba a kan jinin, na ɗauka babu abin canzawa.

Don Allah ka yi mini abu ɗaya. Ka ɗauki farar takarda ka tambayi Injiniya da Kuku launin da suke gani, ka kwatanta da naka. In ya bambanta, ka biyo Direba ka taho, kada ka tsaya gardama. Magani kuma ka ci gaba yadda na tsara maka tun farko, rawaya ɗaya, shuɗi biyu. Ka daure ka ci ko loma biyar ce.

Ina ta yi maka addu'a. Zuciyata ba ta kwanta ba, ban san dalili ba.

Taubashiyarka

Madatsa, ban tabbatar da kwanan wata ba

Malama,

Salam. Ina fata kuna lafiya.

Mota ba ta zo ba, ruwa ya cinye gada. Wani mai kwalekwale zai fita da wannan ya ba masu motar tasha. Ban samu taki ba, ban san ko kin rubuto ba.

Rawayar ta kusa ƙarewa, saura huɗu, na kwana biyu ke nan. Ki gaya wa Likita tun da shi ya ce a ƙara, ya kamata ya ƙaro yawanta. Biyu-biyu ba za ta kai wata biyu ba. Shuɗin yana nan da yawa.

Amai nake yi tun shekaranjiya. Ko ruwa na sha sai ya dawo. Amma ban fasa magani ba ko sau ɗaya, in ya dawo nakan jira in sake sha, kada ki ce na yi wasa.

Ban ɗauki hoto ba. Na kafa madubin na manta abin da na fito yi. Injiniya ya ce na rubuta awon ruwa sau biyu a layi ɗaya, ya karɓe littafin. Jiya na ga marigayi Baba a bakin matakala da butarsa, na yi masa magana, ashe Kuku ne.

Takardar nan da nake rubutu a kai rawaya ce. Tafin hannuna ma. Fitila tana da zobe, fuskar mutane tana da zobe. Ba ciwo, kada ki tayar da hankalin Goggo. Gajiya ce kawai.

A aiko da rawayar.

Ni ne

Daga asibiti, ranar Laraba da yamma

Taubashi,

KADA KA SAKE SHAN RAWAYA. Ko guda ɗaya ka samu a ƙasan kwalba, kada ka sha. Wannan maganar Likita ce, yana tsaye a kaina nake rubutawa.

Wancan saƙon ba nasa ba ne. Nawa ne. Hotuna nake nufi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, hotunan wata nake nufi, taubashi. Da safen ranar na fito da su bakin ƙofa na ga shuɗin ya ɗan yi yawa, Direba yana hon, na yagi kwalin zare na rubuta, na rasa inda zan sa sai na cusa a ledar magani. Ni na raɗa wa kwalaben nan sunayen launi da hannuna, kuma ni na manta.

Na rubuta "an duba". Tun muna makarantar allo aka hore mu kada mu riƙa cewa ni, ni. An share, an wanke allo, an kai. Bakina ya saba, hannuna ya bi. Da na ce "na duba hotuna", kalma uku kacal, da ba mu zo nan ba. Kai kuma ka rubuto mini ƙarara cewa ka ninka rawaya, har ka ce in ba haka ake nufi ba in sanar da kai. Na karanta layin nan ya fi sau goma ina neman rawaya a hoto. Wasiƙar da na rubuto maka bayan haka, wadda da ta iso da ka gane, yau Direba ya dawo mini da ita a jiƙe, ya ce sau biyu yana kaiwa bakin gada yana juyowa.

Taka ta same ni a shago ina auna wa wata mata leshi. Da na kai wajen "tun da shi ya ce a ƙara" sai na bar almakashi a kan yadin na fita, ko shagon ban rufe ba. Wannan karon ban bi layi ba. Na tura ƙofar Likita yana duba wani, na ajiye masa wasiƙun da hotunan duka bakwai. Ya karanta a tsaye. Ya tambaye ni kwana nawa kana shan biyu, na lissafa masa, sai ya cire tabarau ya ajiye, ya ɗauki waya. Ya ce ganin rawayar nan da zoben da aman duk alamar maganin ya taru a jini ne, kuma tafiyar tsohuwar da ka ce zuciyarka tana yi, ita ce abin da ya fi ba shi tsoro.

An samu babban ofishinku. Sun ce akwai rediyon da suke magana da Injiniya, amma tun da aka yi tsawa shekaranjiya ba a ji shi ba. Gobe da asuba jirgin ruwansu mai inji zai tashi da nas guda da kayan aiki. Ita zan ba wannan. Na roƙa a tafi da ni, suka ce babu wuri.

Na duba wasiƙarka, na tambayi mai motar da ya kawo ta. Kwana uku ta yi a hanya. Ke nan guda huɗun nan ka riga ka shanye su, ka jira kuma ka sake sha don kada in ce ka yi wasa.

Ya Allah. Ka riƙe, taubashi. Don girman Allah ka riƙe har su iso.

Daga bencin asibiti, ranar Juma'a

Taubashina,

Assalamu alaikum. Ban san ko za ka karanta wannan ba, amma hannuna ya ƙi zama haka nan.

Jiya tun safe nake nan. Da azahar aka ce jirgin ya isa. Da la'asar wani daga ofishinku ya kira Likita, ya ce rediyon ya ɗan kama ya sake ɗaukewa, abin da aka ji kawai shi ne, "An taho da shi." Na ce a tambaye shi, an taho da shi yaya? A zaune, ko a kwance, ko a rufe? Ya ce shi ma iyakar abin da ya ji ke nan. Ruwa ya yi ƙarfi, sun kwana a wani ƙauye a hanya.

Malam ya zo ya ce in koma gida in huta, ƙaddara ce, ba da niyya na yi ba. Na san gaskiya ya faɗa. Na san Allah ba ya kama bawa da kuskure. Amma na duba abin ta kowace fuska, ban ga inda hannun wani ya shiga ba sai nawa. Inna ban gaya mata ba. Na ce mata wata ƙawata ce aka kwantar, ƙarya ta farko da na yi mata tun da na yi wayo. Ta ba ni lemo biyu in kai wa mara lafiyar. Ga su nan a cinyata.

Duk motar da ta shigo ƙofa sai in miƙe. Mai gadi har ya gaji da ni.

Ƙari, bayan la'asar.

Sun iso. Na ga an buɗe bayan motar, na ga gadon da aka turo. Fuskarka a buɗe take. Alhamdu lillah, a buɗe take. Ka rame, gemunka ya yi fari fiye da yadda na bar shi. An wuce da kai ta gabana, na matsa jikin bango.

Likita ya fito ya ce an sa maka na'ura, an fara abin da za a yi, kwana biyun nan su za su nuna. Ya ce ya duba jinin farko, tun a lokacin ma maganin ya ɗan yi yawa, wataƙila shi ya sa hotunan farko suka karkata. Ya ce shi ma yana da nasa kason. Na gode masa, amma bai rage mini komai ba.

Nas ta ce ka farka, mutum ɗaya zai iya shiga. Na ce Malam ya shiga. Ni ba zan iya haɗa ido da kai ba. Ina roƙonka gafara. In ba ka iya ba yanzu, ba komai, ina nan a bencin da ke fuskantar ƙofa, ba zan tafi ba. Maganinka kuma daga yau wani ya riƙa tsara maka.

Taubashiyarka

A bayan takardar, da hannun nas

Malama,

Nas ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ta ce in taƙaita.

An karanta mini duka biyun. Malam ya shigo ya yi mini addu'a mai tsawo, na gode masa, amma ba shi na aika a kira ba.

Gafarar da kike nema na ba ki, in ma akwai abin yafewa. Ni da na ga saƙon likita a bayan kwalin zare ban tsaya na yi tunani ba, wa zan kai ƙara? In na tashi ma zauna mu raba laifin, ke kashi ɗaya, ni ɗaya, Likita ɗaya, gada ɗaya. Magani kuwa ba wanda zai taɓa mini shi sai ke. Ki dai canza musu suna.

Yanzu bar wasa. Na'urar nan da ke kaina tana ƙara duk lokacin da zuciyar ta buga, kuma takan yi shiru ta daɗe. In ta yi shirun nan sai in ga nas ta ɗago kai. Tsoro nake ji, Malama. A cikin jirgin nan ban ji ba, ban san inda nake ba. Yanzu na sani, kuma ina ji.

Ki shigo ki zauna inda zan gan ki. Ba sai kin ce komai ba. In kuma za ki karanta mini wani abu, ki karanta a hankali yadda kika saba. Har yanzu komai rawaya ne, bango da likita da zanen gado, amma ko a haka zan gane ki.